Abin da Ya Ba Manya Dariya

Me ya ba su dariya ranar nan? Na tambayi kaina ina yarinya, na tambaya ina da goyo, ga shi yau haƙorana sun zube, maigidana yana kabari, ban samu amsa ba. Jikata ce ta tono mini zancen. Ta dawo daga makaranta tana bitar wasu maganganu a gindin rumbu, ta ce wasan kwaikwayo za su yi a kan ajinsu da iska ta yaye wa kwano. Na ce ta ɗauko biro ta zauna. Ni ban san baƙi ko ɗaya ba. Bakin nawa ne, hannun nata.

Ƙauyenmu yana kusa da Geza, a ƙasar Bagudo. Makarantar bokonmu ɗaki ɗaya ce na laka da jinkar ciyawa, malami ɗaya, baƙo daga gabas. Allinsa a kwalin ashana yake ajiye shi, guntu-guntu kamar haƙoran jariri. Yara a ƙasa suke rubutu da yatsa.

A lokacin mutane ɓoye 'ya'yansu mata suke yi kada a rubuta su. Baba shi daban ne. Yana kai busasshen kifi Dahomey, a can ya ga mace baƙa kamar Inna tana kiran sunayen marasa lafiya daga takarda a wani asibiti. Abin bai bar shi ba. Ya kama hannuna har ƙofar makaranta, dattawa suna kallonsa suna taɓe baki. Malam ya nuna masa ciki. Yara gwiwa da gwiwa, bangon gabas ya tsage har rana tana leƙowa.

"Baba, duba da idonka, babu wuri," in ji Malam. "In an ƙara muna ɗaki, ɗiyarka ce ta farko."

Tun daga nan na zama 'yar bakin taga. Nakan ajiye ƙwaryar furar da Inna ta ɗora mini, in tsaya ina saurare. Duk waƙar da suka yi na iya ta, amma abin da ke jikin allo zane ne kawai a idona.

Sai shekarar da aka ce an samu mulkin kai. Damina tana ƙarewa, gero ya nuna, gulbi ya cika har bakin gonakin shinkafa. Aka aiko wa makaranta ƙananan tutoci masu kore da fari, ba a aiko da alli ba. Aka ce manya za su zo biki, har da mai duba makarantu. A wancan zamanin ƙaramin malami ba ya tsayawa gaban manya ya ce ga abin da kuka kasa. Shi ya sa Malam ya ce yara su nuna musu da wasa.

A gindin tsamiya muka yi ta koyo. Babban yaron ajin, ɗan maƙwabcinmu, shi ya fito a malami, da tabarau na kara da gemun auduga. Wani zai hau reshe da tulu ya zama ruwan sama. Aka samo akuya ta gaske. Ni kuwa Malam ya kira ni daga bakin taga ya ce abin da ya same ni shi zan yi, ba ƙari. Zan zo ƙofa in ce, "Malam, ina son karatu." Mai tabarau ya ce, "Babu wuri, ɗiya, koma gida." Sai in juya ga baƙi in maimaita musu maganar tawa.

"Nan za su yi shiru," in ji Malam. "In sunka yi shiru, mun samu ɗaki."

Na yarda da shi. Baba ma ya yarda. Inna ta yi mini kitso, ta ara mini zanenta mai ƙamshin adaka, aka naɗa mini shi sau biyu.

Da hantsi aka fara. Mai tabarau ya ɗaga guntun alli yana nemansa a tsakanin yatsunsa, aka yi dariya. Akuya ta shigo aji, aka yi dariya. Ruwa ya zubo daga tsamiya, yara suka watse, rubutunsu ya zama laka, dariya har da buga ƙafa. Ban damu ba, na san wurin shirun yana zuwa.

Na zo ƙofa na faɗi tawa. Da ya ce babu wuri, sai na hango Baba a bayan taro, tsaye kamar ranar da aka mayar da mu. Kuka ya ƙwace mini, na gaske, wanda ba a koya mini ba. Na juya ga manya da majina a hanci, na ce, "Ina son karatu."

Mai duba makarantu ya daki gwiwarsa. "Kai! Yarinyar ga ta iya!" Ya fashe da dariya har yana share ido da hankici. Na kusa da shi suka ɗauka, fili duka ya ɗauka. Aka kira ni aka ba ni alewa. Mutum biyu na gani ba su dara ba, Baba da Malam. Malam ƙasa yake kallo.

Ba a ƙara ɗaki ba. Kafin wata damina aka ɗauke Malam, aka ce ya kunyata manya. To, ki rubuta wannan da kyau. In sun gane, me ya sa suka yi dariya? In ba su gane ba, me ya sa aka ɗauke shi? Ruwan farko ya kayar da bangon gabas. Ni kuma ƙauye ya sa mini 'yar makaranta, sunan da ya bi ni har tsufa. Baba bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Ranar bikin, da taro ya watse, mai tabarau ya same ni a bayan rumbu, alewa ta narke a hannuna. Ya cire gemun audugar ya ce, "Bar kuka. Ni zan koya miki."

Shi na aura, da sona. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ya sayo ƙaramin allo ya rataye a ɗakina. Ya ce bayan shuka. Ya ce bayan yankan shinkafa. Sau ɗaya muka fara, na iya baƙi uku, sai ƙyanda ta kama ɗanmu na fari, muka bari, ukun ma suka gudu. Ni ma da laifina, kunya ta hana ni matsa masa. Shi yake karanta wa mutanen ƙauye wasiƙunsu a zaure, ni ina bayan katanga ina saurare, kamar dai bakin tagar nan.

Yanzu makarantu sun yawaita, na bulo ne, 'yan mata suna shiga ba mai taɓe baki. Amma ga jikata tana zama a ajin da babu rufi, za ta tsaya gaban wasu manyan ta nuna musu da wasa. Ta ce har a waya za a ɗauka. Na ce da ita in ta zo wurin shirun, ta dubi fuskokinsu, ta zo ta gaya mini.

Bazarar bara ciwo ya kwantar da maigidana, idonsa ya riga ya tafi. Ranar ƙarshe da safe yara sun fita, na ɗauko takardar maganinsa ina jujjuya ta, ban san samanta da ƙasanta ba. Ya ji ƙarar takardar. Ya lalubo hannuna ya riƙe. Sannan ya ce:

"'Yar makaranta, na yi ta ce miki gobe. Ki yafe mini."