Wanda Ya Ɗauki Faifan Cleophus

Yayana Cleophus Tarpley bai taɓa karɓar magana yadda aka ba shi ita ba. In ka ce masa ana ruwa, sai ya miƙa hannu ta taga ya ji da kansa. Tun muna yara a gonar auduga haka yake, in Mama ta raba mana burodin masara sai ya juya nasa ya duba ƙarƙashinsa kafin ya kai baki. Ni ce ƙanwarsa Verlean, na fi kowa shan wahalar wannan hali, kuma har gobe ina son sa.

Sana'arsa gyaran rediyo da garmaho, amma ransa yana wajen faya-fayan kiɗan blues. A shekarun da mutanenmu na Mississippi ke ɗaure kaya suna tafiya Chicago neman aiki, shi kuwa gida-gida yake bi yana sayen abin da za su bari a baya. Kowace Talata zai rufe shago, ya tayar da tsohuwar motarsa, ya shiga ƙauyuka. Ba ya taɓa faɗin abin da ya kawo shi. Zai zauna a baranda, ya sha ruwa, ya yi ƙorafin ciwon gwiwa, sai ya miƙe zai tafi sannan ya ce, "Af, ko akwai tsofaffin faya-fayai da ke tare muku wuri?" In an fito da su zai ɗaga kowanne ya karkata shi a hasken rana, ya bi layukansa da farce, har ya sansana. Daga launin faifai kawai yana iya gaya maka an sha jin sa ko an ajiye shi ne kurum. In kuwa ya ci karo da wanda ya yi shekaru yana nema, sai ya ɓata rai, ya tura shi ƙasan tarin, ya saye tarin duka kamar yana yi wa masu gidan alfarma. To mutumin da ke yi wa jama'a haka kowane mako, dole ya ɗauka kowa ma haka yake yi masa.

Matarsa Ozella tana cikin iyaye mata na cocinmu, masu farar riga da farar hula da ke zama a bencin gaba. A cocinmu blues kiɗan Shaiɗan ne, babu wani kwana-kwana. Macen da aka kama tana jin sa za a tsayar da ita gaban jama'a ta nemi gafara, bencin gaba kuwa ta bar shi ke nan. Ozella ta ce faifan blues ko ɗaya ba zai kwana ƙarƙashin rufinta ba. Cleophus ya gina ɗan ɗakin katako a bayan gida ya kwashe dukiyarsa can, ya sa kwaɗo, makullin kullum yana aljihun wandonsa.

Mutum ɗaya tak yake bari ya shiga ɗakin nan, maƙwabcinsa Lucius Gandy, abokinsa tun suna tsinkar auduga tare. Lucius ya yi aiki a injin gurzar auduga har bayansa ya lalace, ya dawo zaman gida yana ɗingishi. Ranar Asabar da yamma za ka ji su a ciki, faifai na juyawa, su kuma suna musu.

"Kai kunnenka na katako ne, Lucius. Wannan ai ba jita yake kaɗawa ba, wanki yake yi."

"To malamin kiɗa, kai da ko tafi ba ka iya yi daidai ba."

Cikin faya-fayan nan akwai wanda Cleophus ya fi ji da shi, na wani mawaƙi Hosea Pettibone, wanda sau ɗaya aka taɓa ɗaukar muryarsa, aka buga kaɗan, shi kuma ya ɓace. Waƙa ce mai tafiya a hankali, mutum yana roƙon jirgin ƙasa ya ɗan jira shi. Cleophus ya same shi a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa, sabo fil, baƙinsa na sheƙi. Sau biyu kawai yake sa shi a shekara don kada allura ta ci shi.

A bazarar 1974 faifan ya ɓata. Kwaɗo na nan lafiya, taga ba a taɓa ta ba, sauran faya-fayai ko ɗaya bai motsa ba. Cleophus ya kwana uku yana lissafin wanda ya san darajarsa da inda yake ajiye, lissafin kuma mutum ɗaya yake ba shi. Ranar Asabar ana suyar tarwaɗa a filin bayan coci, rabin gari na wurin, ya je ya tsaya kan Lucius.

"Ɗan'uwa, faifan Pettibone. Ka dawo min da shi, magana ta mutu a nan."

Lucius ya ajiye farantinsa. "Ni kake tambaya?"

"Wa ke shiga ɗakin nan bayan ni da kai?"

Ina wurin, na ga Lucius ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi wajen matan da ke raba kifi, sai ya rufe. Ya ɗauki hularsa ya tafi gida. A garinmu wanda aka kira ɓarawo ya yi shiru ya amsa ke nan. Kafin wata ya ƙare dattawan coci sun karɓe makullan cocin da ya shekara tara yana riƙe da su, wai don a huta da surutu. In ya shiga shagon aski sai hira ta canza. Ni kaina, Allah ya yafe min, na daina aika masa abinci ranar Lahadi.

Cleophus bai huta ba. Ya ƙara kwaɗo biyu. Ya rubuta wa dillalan faya-fayai na Memphis wasiƙu yana tambaya ko wani mai ɗingishi ya kawo musu Pettibone. Yakan tsaya jikin shinge da sunan ban ruwan tumatir, kunnensa na gidan Lucius. Shekara goma sha ɗaya suka yi a haka, shinge ɗaya tsakaninsu, ko gaisuwa babu.

Ozella ta rasu a 1985, bayan gajeriyar jinya. Da aka yi mako biyu matan coci suka roƙi a ba su faya-fayanta na waƙoƙin yabo. Ni na zo haɗa su a kwali da rana tsaka. Cleophus yana zaune ya zuba min ido, ya rame, amma halin na nan.

"Dakata, Verlean. Ba abin da zai fita gidan nan ban duba ba."

"Yaya, waƙoƙin coci ne. Matan coci ma sata za su yi maka?"

"Miƙo."

Ya riƙa zaro kowane faifai daga rigarsa ta takarda yana dubawa yana mayarwa. A na goma sha wani abu hannunsa ya tsaya. Rigar ta wata ƙungiyar mawaƙan coci ce, amma abin da ke ciki Pettibone ne. Ya je bakin taga ya karkata shi a rana. Baƙin nan ya tafi, faifan ya koma toka-toka saboda yawan ji. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, kamar yana gaya wa mai saye, "An sa wannan ya fi sau ɗari biyar." Ni kuwa abin da ya faɗo min shi ne wadda take wanke masa wanduna duk ranar Litinin, da makulli a aljihu.

Na ji haushin Ozella ranar nan, na kuma ji tausayinta, har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba.

Na ce, "Tashi mu je. Yanzu."

Muka sami Lucius a barandarsa yana ɓare wake. Ya tsufa ƙwarai. Cleophus ya tsaya a matakala da faifan a hannu, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani namiji ba.

Lucius ya dubi faifan, ya ci gaba da ɓare wakensa. "Ka same shi ke nan."

"Ka san inda yake?"

"Kowace Talata, da motarka ta sha kwana. Tagar kicin ɗinku tana kallon nan. Ozella takan sa shi ƙasa-ƙasa tana guga, wani lokaci ta bi waƙar. Muryarta ta fi ta Pettibone ɗin naka."

"Ka bari aka kira ka ɓarawo shekara goma sha ɗaya?"

"Kai ka kira ni. Da na faɗa, da sun tsayar da ita gaban coci sun cire mata hula. Ni me nake da shi? Makullai ne kawai."

Idon yayana ya cika da hawaye. Na ce a raina yau dai zai nemi gafara, su ƙarasa tsufansu tare. Lucius ma har ya janye kwanon waken daga kan ɗaya kujerar don ya zauna. Sai na ga fuskar Cleophus ta canza, ya ɗan karkata kai, ya ƙanƙance ido.

"To amma, Lucius, mutum ba ya ɗaukar wa matar wani irin wannan kaya haka kawai. Me ke tsakaninka da ita?"

Na ce, "Yaya," amma magana ta riga ta fita.

Lucius ya mayar da kwanon kan kujerar a hankali. Bai ɗaga murya ba. "Cleophus, na farkon na yafe maka tun tuni. Sauka daga matakalata."

Kafin hunturu 'yarsa ta zo ta tafi da shi Detroit, can ya rasu bayan shekara biyu. Dattawan coci ba su taɓa jin gaskiyar maganar ba, don Cleophus ya hana ni faɗa, ni ma ban iya ɓata sunan matacciya ba.

Yayana ya haura tamanin yanzu. Ya daina fita ranar Talata, faifan kuma bai sake sa shi ba. Nakan kai masa abinci da rana, in zauna har ya ci. Wani lokaci yana cikin ci sai ya ajiye cokali ya ce, "Verlean, ku mata kuna hira. Ozella ba ta taɓa ce miki komai game da Lucius ba?" Nakan ce masa ba ta taɓa ba, kuma gaskiya nake faɗa. Sai ya dube ni ya daɗe, ya ɗauki cokalinsa, na san ni ma bai yarda da ni ba.