Alamar Hajiya a Kan Kwali Arba'in da Shida

Shekara tara ke nan ina aikin sito a Guangzhou, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ban da ranar da na tsuguna ina shafe alamar wata baiwar Allah daga kan kwali arba'in da shida. Manaja ya ce in rubuta muku wani abu, ku sababbin ma'aikata, kan yadda ake aikin nan. Na ce bari in rubuta muku yadda ba a yi, a nan na fi ƙwarewa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfaninmu na tura kaya ne. Ɗan kasuwa zai zo daga Kano ko Yamai ko Kumasi, ya sayi kayansa, masu shago su kawo mana sito. Ni ne mai karɓa. In auna kwali, in duba alama, in jera, sai ranar lodi a cika kwantena a kai ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Mutum talatin suna iya haɗa kwantena ɗaya, don haka kowa yana da alamarsa da ake rubutawa a jikin kwali. Wani haruffa, wani zane. Muna kuma da masu rakiya, waɗanda suka iya Sinanci, su ne ke kai baƙi kasuwa su yi musu tafinta. Akwai littafi a teburina da ake rubuta wa ya raka wa, ina suka je.

A lokacin ina da wani suna da ba iyayena suka sa mini ba. Lauyan Maza. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma na kalli bidiyoyi a waya har na ji kamar ni na rubuta dokokin duniya. A gidan abincin da muke cin tuwo a unguwar Xiaobei, da zarar an ajiye kwano sai in buɗe kotu.

"Mace ta nuna ka da yatsa ta ce ka yi mata fyaɗe, kai sunanka ya cika gari, ita nata yana aljihu. Wannan adalci ne? Ko a ɓoye duka, ko a bayyana duka."

Anti Rabi, mai kula da takardu a ofis, takan ce, "Sabi'u, tuwonka zai huce. Mazan ma da kake karewa sun cinye naman miyar."

Abin ya faru ne makonni kaɗan kafin hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da kowa ke gudun kada masana'antu su rufe kayansa na hannu. Ranar wata Talata da safe Manaja ya fito da kansa ya ɗauki littafin rakiya ya koma ofis ya rufe ƙofa. Bayan awa ɗaya sai ga ɗaya daga cikin masu rakiyarmu ya fito fuska a ɗaure. Mu kira shi Ɗanjuma, ba sunansa ba ne. Ya ja ni bayan kwalaye.

"An dakatar da ni. Wai wata ta ce na yi mata fyaɗe a masaukinta ranar Asabar. Wallahi ko benen ban hau ba. Ka riƙe a cikinka, Lauya."

Na ce, "Ciki kamar rijiya."

Da aka dawo da littafin, na buɗe shafin Asabar. Ɗanjuma mutum ɗaya ya raka, zuwa Xintang, garin da ake ɗinka wandunan jins. Wata 'yar kasuwa ce daga zangon Kumasi, wadda zan kira Hajiya kawai. Shekara goma sha ɗaya tana turo kaya ta hannunmu. Alamarta ba zan faɗa muku ba. Mu ce kifi biyu ne, ba shi ba ne, amma mu ɗauka haka. Alamar mahaifiyarta ce tun tana fataucin atamfa, ita ta gaje ta.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Hajiya Anti Rabi ta gaya wa, kuma abu ɗaya ta roƙa: kada maganar ta isa gida kafin ta koma ta gaya wa mijinta da bakinta. Manaja ya yi mata alkawari. Shi ma Ɗanjuma an yi masa alkawarin ba za a ambaci sunansa ba sai an gama bincike. Wato abin da na shekara ina ihu a kansa a bakin kwanon tuwo, an riga an yi shi a ofishinmu, shiru, ba tare da an nemi shawarar lauya ba. Mutum huɗu ne kawai suka sani. Ni ne na biyar, kuma ba a gayyace ni ba.

Muna da guruf a waya na abokan hulɗarmu, 'yan kasuwa sun fi ɗari uku, wasu a nan, wasu a gida. Lokacin tashin jirgi da isowar kwantena ake sanarwa a ciki. Bayan sallar azahar na zauna a kan wani kwali na danna wurin naɗar murya. Minti huɗu na yi. Na ce an dakatar da wani bawan Allah a kan maganar mace ɗaya ba shaida. Na ce ba zan faɗi sunansa ba, domin ni mai kare mutuncin maza ne, amma mutum ne da ya fi kowa sanin hanyar Xintang, ga matarsa ba ta daɗe da haifar tagwaye ba. Masu rakiyarmu shida ne. Mai tagwaye ɗaya ne.

Sannan na zo kanta. Na ce, "Ita ma ba zan kama suna ba, ni ba mai tonon asiri ba ne. Amma mai kifi biyu ta ji tsoron Allah."

Na tura. Sai da na saurara sau uku, muryata ta burge ni.

A raina wallahi ban faɗi suna ba. Alama ai ba suna ba ce, zane ne a kwali. Na manta cewa ni kaina ban san sunan rabin abokan hulɗarmu ba, da alama nake kiransu. Na manta direbobin tashar ruwa ta Tema a Ghana da masu dako da 'yan kasuwar Kumasi duk da kifi biyun nan suke gane kayanta tun zamanin mahaifiyarta. Na kuma manta ƙanin mijinta ne ke fitar mata da kaya a tashar ruwa, kuma yana cikin guruf ɗin.

Kafin la'asar Manaja ya goge saƙon, amma ya riga ya tsallaka teku. Wanda ya fara kira na Ɗanjuma ne.

"Lauya, surukina ya kira ni daga Fagge. Wa ya ɗauke ka aiki?"

"Ai kare ka na yi."

"Da safe mutum huɗu suka sani. Don Allah kada ka sake kare ni."

Washegari Manaja ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya kunna saƙon tun daga farko, ya bar ni na saurari kaina a tsaye, minti huɗu cur, Anti Rabi tana zaune tana kallona. Wannan karon muryar ba ta burge ni ba.

Ya ce, "Sabi'u, kai ne kake cewa a ɓoye duka ko a bayyana duka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To mun ɓoye duka. Kai ka bayyana duka. Ka ga an yi maka ra'ayinka kashi biyu."

Anti Rabi ta ce, "Mijinta ya ji daga bakin ƙaninsa, ƙanin ya ji daga bakinka. Jiya sau uku tana kiransa bai ɗauka ba."

Ba a kore ni ba, don ana cikin tsananin aiki. An cire ni daga guruf, an ɗauke littafin rakiya daga teburina, har yau yana wurin Anti Rabi.

Ranar Alhamis, ana gobe lodi, Hajiya ta zo sito. Na so in shige bayan kwalaye. Na ce wa Basinen da ke tuƙa motar ɗaga kaya ya ce ba na nan. Mutumin kirki, da ta tambaye shi sai ya ce, "Meyo," wato babu, amma yatsansa yana nuna inda nake.

Ta ce, "Malam Sabi'u, kwalina nawa ne a nan?"

"Arba'in da shida, Hajiya."

"A goge alamar. Ba na son su sauka Tema ana nuna su. A sa lamba kawai."

Na ce zan sa a yi. Ta ce a'a, ni ta ke so in yi. Ta jawo kujerar roba ta zauna.

Kowane kwali yana da alama a gefe huɗu. Na ɗauko tef mai ruwan ƙasa da baƙin alƙalami na tsuguna. In rufe, in rubuta lamba, in juya kwali. Wandon jins yana da nauyi, ku da za ku ɗauka za ku gane. Da na kai wajen na ashirin sai ta yi magana.

"Uwata ce ta zana alamar nan da hannunta, a kan buhu. Ba ta iya rubutu ba."

Na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ban faɗi sunanki ba, na zaci..."

"Sunana mutum nawa suka sani? Wannan kowa ya sani." Ta gyara mayafi. "Kai kana wurin ranar Asabar?"

"Ba na wurin."

"To me ka sani?"

Na duba ko'ina cikin kaina, duk bidiyoyin da na kalla. Na ce ban san komai ba.

"Ci gaba. Saura ashirin da shida."

Da na gama na sake roƙonta gafara. Ta ce ta ji, amma ba yau ba.

Za ku so ku san yadda aka ƙare. Kyamarar masaukin ta nuna Ɗanjuma ya hau benen da ya rantse mini bai hau ba. Manaja ya sallame shi, Anti Rabi ta raka Hajiya wurin hukuma. Abin da ya biyo baya ba nawa ba ne, ba zan ba da shi ba. Amma ku lura, ko da kyamarar ta wanke shi, laifina yana nan yadda yake, don ranar da na yi magana ban san ko ɗaya ba. Har gobe ina ganin bai kamata a yayata sunan mutum kafin a tabbatar ba. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne me ya sa ake rufe nata. Na gano a tsugune. Ita maganar ba ta jiran hukunci, tana isa gida kafin mai ita.

Don haka ku riƙe wannan. A sito za ku san wa ya zo, wa ya raka wa, wane masauki aka kai kaya. Duk amana ce, har zanen da ke jikin kwali.

Shekara biyu kayan Hajiya suna zuwa da lamba. Bara, wata safiya, mota ta sauke kwalaye goma sha takwas daga Xintang, na duba gefe sai ga kifi biyu, manya, sun fi na da girma. Na yi murna na ɗauko abin awo. Anti Rabi ta leƙo ta taga da takarda a hannu.

"Ajiye, Lauya. Ta ce a gaishe ka, ta kuma ce wani ya auna."

Na ajiye.