Telar da Ba Ta Tsallake Waƙa

Yayata tela ce, kuma a duk layinmu ba a kiranta da komai sai Alƙaliya. Mai askin da ke jikin shagonmu ne ya laƙaba mata don ya ƙona mata rai, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Shago ɗaya muke, kekena yana kallon nata, saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne. Na sha shi har ya ishe ni.

Halinta shi ne, idan ta ɗauki mawaƙi sai ta nemo duk abin da ya taɓa rerawa, ta fara daga waƙarsa ta fari, tun muryarsa tana rawa, ta bi su a jere har ta ƙarshe. Ba ta tsallakewa. Ko waƙa ta yi muni kamar kukan ƙofar da ba ta ga mai ba, haka za mu zauna mu ji ta, ni da masu kawo ɗinki. Da kaset ta fara, tana juya shi da biro in ya cije. Aka zo zamanin faifai, yanzu kuma waya ce a jingine da gwangwanin maɓallai. In na ce, Yaya, don Allah wuce wannan, sai ta ce ai wanda ya yi ta bai wuce ta ba.

Sai ta gama kaf take buɗe baki, in kuwa ta buɗe babu ruwanta da abin da gari ke cewa. Akwai wani marigayi da mai aski yake ji da shi kamar ransa. Ta yi wata da watanni tana bin waƙoƙinsa, ranar da ta gama ta leƙa ta gaya masa cewa gwanin nasa waƙa ɗaya ya yi duk rayuwarsa, hula kawai yake sake mata. Saura kaɗan mai aski ya yanke kunnen mutumin da ke kan kujera. Ta tambaye shi waɗanne ya ji, ya lissafo 'yan waɗanda ake sawa a rediyo, ta ce ya je ya ƙaro sannan su yi magana. Wata mata ta taɓa kwashe yadinta don an taɓa nata gwanin, Yaya ta ninke mata shi da kyau har da rakiya zuwa bakin ƙofa. Amma mawaƙin da yake raye yana kan yi, ko za ka wuni kana roƙo ba za ta ce maka gwani ne ko ba gwani ba. Ba a yabon riga tana kan keke, in ji ta.

To, sai jarrabawa ta biyo ta har gida. Autanta ya tashi da son waƙa, ya samo wani tsohon piyano, ya dinga damun maƙwabta. Da ya fitar da jerin waƙoƙinsa na farko, ɗaya daga ciki ta kama gari. Motar haya ita ce, shagon caji ita ce, shi kansa mai aski har rausaya kai yake. Mutane suna shigowa suna yi mana murna, ni ina ta washe baki kamar ni na haife shi. Uwar kuwa ta sa waƙoƙin a waya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana taka keke, ba ta ce uffan ba.

Auta yakan zo da rana ya zauna a benci yana wasa da guntayen yadi, ya gaishe ta, ya yi ta jan hira. Kowa ya san abin da yake jira. Duk garin sun ce masa ya iya, amma bakin mutum ɗaya yake kallo. Na ce mata wannan ba gaskiya ba ce, taurin kai ne, kalma ɗaya ba za ta rage mata komai ba. Ta ce dokar da ta bi a kan 'ya'yan wasu ba za ta karya ta a kan nata ba. Haushi ya sa na yi kwanaki ina roƙon almakashi a wurin maƙwabta don kada in yi mata magana.

Jeri na biyu bai karɓu ba. Waɗanda suka ɗaga shi su ne suka fara dariya. Na uku ko dariyar ma bai samu ba, ya fito ya wuce shiru, sai a shagonmu kaɗai aka ji shi daga farko har ƙarshe.

Wata rana da la'asar ya shigo, shago cike da mata, bai zauna ba.

"Mama, na sayar da piyanon. Na samu aikin tuƙi a wani kamfani. Na gama waƙa. Kin ce sai mutum ya gama, to ga ni, ina saurare."

Na ƙifta mata ido, na yi tari, na yi duk abin da ƙanwa za ta iya. Ta ɗauke ƙafarta daga keke ta juyo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce masa waƙar da gari ya yi hauka a kanta ba tasa ba ce, da awon wasu ya ɗinka ta, shi ya sa ta shiga kowa. Jeri na biyu kuwa bin na farko kawai yake da gudu. Na uku yawancinsa ihu ne na mai jin tsoro. Sai ta sassauta murya ta ambaci wadda take daf da ƙarshe, wadda ya yi a kan takalman babansa da suka rage a bakin ƙofa bayan rasuwarsa, inda bai ɗaga murya ba kuma bai kwaikwayi kowa ba.

"Nan na fara jin ɗana," ta ce. "In da gaske ka gama, ga hukuncina: mawaƙi ne da ya yi waƙa ɗaya, ya tsorata, ya gudu."

Auta ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ba wanda ya saurara har ya kai nan," ya ce.

"Ni na kai."

Ya fita ko sallama babu. Ranar na gaya mata maganganun da ban taɓa gaya wa babba ba. Na ce ta yanka ɗanta a gaban jama'a, ta je ta ba shi haƙuri. Ta ce kowa ya yi masa ƙarya har ya sayar da kayansa, ita ma ta ƙara? Na ga zare ya ƙi shiga allura a hannunta, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Na tausaya mata, ban dai gaya mata ba.

Ya ɗauke ƙafa daga shagon, gaisuwa ma sai a saƙon waya. Ita kuma ta ɗauki wata tsohuwar mawaƙiya mai murya kamar ta mura, ta azabtar da mu da ita.

Abin da ya dawo da shi rigar aiki ce. Wadda kamfani ya ba shi ta yi masa yawa a kafaɗa, kuma duk fushinsa bai yarda wani ya taɓa masa kaya ba. Ya tsaya a tsakiyar shago ya miƙa hannuwa, fuska a ɗaure, yana kallon titi. Ita tana bayansa da fil a baki tana kama kafaɗar. Can ya manta da kansa, ya fara wani ɗan amo ƙasa-ƙasa a maƙogwaro, irin na wanda ya saba zama shi kaɗai a mota. Hannunta ya tsaya. Ta miƙa ɗayan ta kashe wayar, mawaƙiyar tana tsakiyar baiti, sannan ta zare fil ɗin daga bakinta.

"Wannan ban san ta ba," ta ce.

Ya katse amon, bai juyo ba.

"Kada ka motsa, fil zai soke ka. Ɗauko min ita daga farko."