Sai An Kwana a Filin Baba Rautio

Kullum kafin ya sha kofi, Baba Wendell Rautio yakan zagaya bayan garejinsa da ma'aunin wuta a aljihu, yana jan ƙafa, ya ƙwanƙwasa ƙofar duk tirelar da aka kwana a ciki, wato ɗan ɗakin kwana da ake ja da mota. Kowa a garinmu na arewacin Michigan, a Amurka, ya san dokarsa. In ya sa wa tsohuwar tirelarka batir, ba za ka ja ta zuwa daji ba sai ka kwana cikinta a filinsa, da safe ya auna ya ga wutar da ta rage. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin, don hannuwansa sun fara rawa, gwiwoyi kuma sun ƙi durƙuso. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, ban kuma san harkar wuta ba. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Tirelarmu irin mai naɗewar nan ce, a murɗa wani ƙarfe rufin ya tashi, gadaje su fito ta gefe. Tun da likita ya ɗora kakana Toivo kan na'urar taimakon numfashi a barci muka daina zuwa bakin tafki, saboda sansanin shaƙatawar da yake so babu lantarki. Bara sai ya ce da na'ura ko babu, shi zai je. Mama ta dawo daga aiki ƙafafu a kumbure, ba ta da ƙarfin gardama. Ta ɗaura tirelar a bayan mota, muka nufi garejin don a sa mata batir.

Baba Rautio ya yi kwanaki a rigingine ƙarƙashinta. Ɓeraye sun cinye tsofaffin wayoyin, har da sheƙa a bayan murhu. Ya ƙi sa batirin ƙarƙashin gado yadda Kaka ya so, ya ce irinsa yana fitar da iska mai cutarwa, ya yi masa akwati a waje, kan ƙarfen da ake jan tirelar da shi. Ya bi da kowace waya ta inda rufin ba zai matse ta ba in an naɗe. Duk tashin da zai yi sai ya kama taya yana nishi.

Kaka ya kwana a filin. Da safe ni da Mama muka kawo burodin kirfa, muka tarar Baba Rautio yana kallon ma'auninsa, ya daɗe bai ɗago ba. Kaka kuwa yana ta yabon barcin da ya sha, idanunsa jajur.

"Toivo, batirin nan cike yake. Ba ka kunna na'urar ba."

"Ƙila aikinka ne ya yi kyau, tsoho."

"Aikina bai taɓa yin kyau haka ba. Tun muna firamare ba ka iya ƙarya ba, yanzu da haƙoran roba za ka koya?"

Kaka ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce tsoro ya ji kada wutar ta gaza a hana shi tafiya, shi ya sa ya kwana zaune. Mama ta zauna kan matakalar tirelar ta rufe fuska. Baba Rautio bai yi faɗa ba. Ya zare ƙarfen murɗa rufin ya shige da shi gareji, yadda ba mai iya naɗe tirelar balle ya ja ta, ya ce a sake kwana.

Da aka sake da gaskiya, wutar ta mutu kafin gari ya waye. Da a daji ne, inda wayar salula ba ta shiga, ban son tuna sauran. Ya ƙara batir na biyu da faifan sola, aka sake kwana, sannan ya miƙo ƙarfen.

Baba Rautio, kai ne mai hana tafiya don a dawo lafiya. Kai ne ka yarda abokinka ya yi mako ba ya gaishe ka. Na ji mutane suna kiranka mai taurin kai a shagon kayan kamun kifi, su ɗin nan da fitilunsu ba su taɓa mutuwa a daji ba. Na san ka gaji. Mun gode, ka je ka huta.

Masu gyaran da za su zo bayansa, don Allah ku koyi cewa a'a, ko da mai kaya ya ɓata rai.

Mun je tafkin. Kaka bai kama kifi ko ɗaya ba, sauro ya cinye mu, ruwan sama ya jiƙa mana barguna. Mama ta ce in tabbatar na rubuta maka cewa a can ta yi barci har rana ta take, ba ta tashi ko sau ɗaya don ta saurari numfashin babanta ba.