Notin Tayar Baffa Idi

A gidanmu, can wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, in sanyi ya shigo bayan an gama kai amfanin gona rumbu, ba a sallamar mu daga cin tuwo sai mun tara wa Iya kara. Iya ita ce mahaifiyar babanmu. Gajera ce, mai ƙaramin jiki, amma muryarta kan kai bayan gida ba tare da ta ɗaga ta ba. Ta ɓangaren Damagaram aka auro ta, shi ya sa har ta rasu mota ba ta taɓa zama mota a bakinta ba, sai dai mato. Da an idar da magariba za ta hura wuta a tsakar gida, ta zuba gyaɗa a toka, mu kewaye ta don jin tatsuniya. Ita tata buɗewar daban ce. Sai ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Mu kuma mu ce, "Ta iso, ga tabarma."

Shekarar da nake son ba da labarinta, ba mu yi zaton za a hura wutar ba ma, domin gidan a cikin makoki yake. Ƙanen babanmu, Baffa Idi, autan Iya, direba ne. Yana da 'yar a-kori-kura da yake kwasar mutane da buhuna zuwa kasuwar Maigatari. Matarsa Hajara na da tsohon ciki, ungozoma kuma ta riga ta ce wannan haihuwar sai asibitin Gumel. Da ya ga lokaci ya matso, sai ya kwance tayoyin motar ya duba su, ya mayar. Wajen mayarwar ne tsoro ya kama shi, kada taya ta fice da Hajara a ciki. Ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, ya hau kai, ya yi ta tsalle a kan kowane noti har ya daina motsi.

Ranar da naƙuda ta tashi suka kama hanya, shi da ita da innarmu. A cikin yashi, nesa da kowane gari, kututture ya fasa taya. Ga safayar taya a baya, ga jak, ga sifana, amma noti ya ce bai san zancen ba. Bututun kuwa yana gida. Ya ja, ya taka, ya buga da dutse, har kan notin ya lalace sifana ta riƙa zamewa. Hajara ta haihu a bayan motar, jini ya ƙi tsayawa. Kafin wata babbar mota ta zo ta kwashe su zuwa Gumel, rai ya yi halinsa. Jaririyar ta rayu, aka sa mata Mairo, innarmu ta haɗa ta da ƙanena tana shayar da su.

Tun daga ranar Baffa ya shige ɗakinsa. Salla kaɗai ke fito da shi, ita ma a ƙofar ɗaki. A kai masa tuwo, a ɗauko kwanon kamar yadda aka kai. Ranar suna bai leƙo ba, kuma ko sau ɗaya bai kalli fuskar 'yarsa ba. Liman ya zo ya yi masa nasiha, babanmu ya yi lallashi har ya koma faɗa, duk a banza. Mutum yana ƙarewa a kan idonmu, wuyansa ya zama kamar na zakara. Na ji innarmu tana faɗa wa maƙwabciya cewa in aka ci gaba a haka, za a yi jana'iza ta biyu kafin damina.

Sai ga Iya wata yamma ta ce a tara kara. Kuma ba a inda aka saba ta hura wutar ba, ta matsar da ita wajen zanan da ya kare ɗakin Baffa. Ta karɓi Mairo ta ɗora a cinya, ta ce ga wata nan tafe.

Wai Biri ne ya gaji da tafiyar ƙasa, ya sayar da gyaɗarsa ya sayi mato. Ya riƙa kai namun daji cin kasuwar Maigatari, Zomo a gaba, Kunkuru a kan kaya. Rannan za a kai amaryar Bushiya Gagarawa, sai Biri ya ce bari ya gyara ƙafar mato. Ya sa ƙafar, ya ɗauko noti ya shafe shi da man shanu, ya ɗaure na farko tamau tun sauran suna ƙasa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zagayawa kamar mai rabon goro. Da ya gama sai ya kira Raƙumi, ya ce ya hau kan sifana ya yi rawa. Iya ta miƙe da jaririya a hannu tana kwaikwayon rawar Raƙumi, mu kuwa har da birgima don dariya. Yara ne mu, wallahi ba mu haɗa wannan da abin da ya faru ba. A nan ta tsaya, ta ce sauran sai gobe, amarya ba ta gama kitso ba.

Innarmu kam ta haɗa. Da muka watse na ji ta tana cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Haba Iya, don girman Allah. Fama masa ciwon za ki yi?"

Iya ta ce, "Ke dai ki ba yarinya nono. Ni na haife shi."

Haka aka yi ta yi. Kullum amarya ba ta shirya ba, kullum Biri na nan wajen ɗaure ƙafar mato, kuma kullum sai Iya ta ƙaro wani shirmen. Yau Raƙumi ya gayyato ƙanensa, gobe an ɗora musu buhun gero don nauyi ya ƙaru. Mun fara ƙosawa. Yayana Sani ya ce shi fa ya gaji, a tashi motar nan haka. Daga bayan zana kuwa ko tari ba a yi.

Ranar da abin ya fashe, Iya ba ta yi rawa ba. Ta gama ba da labarin ɗaurin, sai ta dubi Sani da sauran mazan, ta gyara murya kamar mai karanta wasiyya.

Ta ce, "Ku da kuke cewa direba za ku zama, ku riƙe wannan da kyau. Haka gwanaye ke yi. A shafa mai, a bi su a jere, a hau da ƙafa a yi tsalle. In bai yi ƙara ba, bai ɗauru ba. Sani, maimaita in ji."

Sani ya buɗe baki ya fara, "A shafa mai, a bi su a jere…"

"Kai, rufe mini baki!"

Muka waiwaya a firgice. Baffa ne tsaye, ya dafa zana. Na daɗe ban gan shi kusa haka ba. Rigarsa ta yi masa yawa, muryarsa ta dushe.

Ya ce, "Iya, ki ji tsoron Allah. Kashe mutane za ki koya musu?"

Ta ce, "Yo ni me na sani, Auta? Tsohuwa ce ni, ban taɓa riƙe sifana ba. In ba haka ba ne, ga su nan, kai ka koya musu."

Ya tsuguna a bakin wutar, ya zana da'ira a ƙasa da tsinke, ya jera tsakuwa a kanta. Ya ce ba a shafa wa noti mai, goge shi ake yi ya bushe. Da yatsu ake fara murza kowanne har ya zauna, don in ya hau a karkace a ji. Sannan in ka ɗan ɗaure wannan, sai ka tsallaka ka kama wanda ke fuskantarsa, don taya ta kwanta daidai. Sai an sauke jak ake ƙarasawa, da ƙarfin hannu, da tsawon sifanar da ta zo da motar, ba a ƙara mata bututu. In an ɗan yi tafiya a tsaya a sake taɓa su. Ya ce wanda bai ɗauru ba yana kwancewa, wanda aka matse fiye da kima kuma ko dai ƙarfen ya miƙe ya tsinke, ko ya ƙi kwantuwa ranar da ake nema.

Ya tsura wa tsakuwar ido, can ya ce, "Maigidana a Gumel duk ya koya mini. Na sani, Iya. Na sani, na hau."

Ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Iya ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, ba ta ce ƙaddara ce ba, ya riga ya sha jin waɗannan. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce, "Gyaɗata za ta ƙone, riƙe mini," ta ɗora masa Mairo a hannu kafin ya ankara, ta juya tana tona toka. Ya sandare, ya rasa yadda zai yi da ita. Yarinyar ta kama yatsansa ta kai baki. Bai mayar da ita ba har aka kira isha'i.

Sani, da yake ba ya da dabara, ya ce to yaya aka yi da motar Biri? Iya ta ce, "Ta bi hayaƙi. Ku tambayi direba."

Kafin azumi Baffa ya koma hanya. Shi ya riƙe Mairo har ya aurar da ita.

Yanzu na tsufa, ina da tawa motar. In na kai ta wurin mai faci na ga ya ɗauko injin nan mai ƙara zai ɗaure mini taya, sai mun yi rigima. Nakan ce ya nemo sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in an kai, don kowace mota da nata ma'aunin. Suna ce mini Hajiya mai fitina, ban damu ba. Na daɗe ina zaton iyakar abin da na ɗauka daga wutar nan ke nan.

Sai bayan na haifi nawa, na san yadda zuciya ke yi in ɗa ya rufe ƙofa, sannan wata hira da muka yi da Iya ta dawo mini da nauyinta. Ta kwanta ciwon ajali a lokacin, ina yi mata fifita, na ce ai ita gwana ce, ta san dabarar da za ta fito da Baffa daga ɗaki. Ta harare ni.

Ta ce, "Gwanar ina? Duk ranar da na sa ku dariya, ɗaki nake shiga in toshe bakina da zane. Hajara a hannuna ta girma, 'yar ƙanwata ce. Kullum kaɗan nake ƙarawa a labarin, in kasa kunne, ban san wanda zai fito da shi ba, ban san wanda zai karya shi ba."

Na ce, "Da bai fito ba fa, Iya?"

Ta ce, "Da ni na ƙarasa shi, da bakina. Na san haka tun ranar da na ce ku tara kara."