Attajirin da ya shayar da busasshiyar tsamiya

A shekarun da aka ba mu jihar Kebbi ina 'yar shekara tara, muna zaune Kashin Zama. Lokacin dashen albasa sanyi kan sauka da wuri. Da an ci tuwo sai kakarmu Inna Hajo, mahaifiyar babanmu, ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta da doguwar sharar fage. Takan ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri," mu ce ta iso.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta wani attajiri da ya yi arziki da albasa har ya daina taka ƙasa. Ruwan alwala ma sai an kawo masa. Ana nan ƙafafunsa suka kumbura, zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar ganga, ko gyara zama ya yi sai haki. Masu magani suka gaza. Sai aka kai shi kan jaki wurin wata tsohuwar Bafillata. Ta nuna masa busasshiyar tsamiya kusa da wata rijiya, ta ce kullum da safe ya ja guga arba'in da hannunsa ya zuba mata, bayan kowane goma ya miƙe tsaye ya ja numfashi a hankali. Ranar da ta yi ganye zai warke.

Ranar farko guga uku ya iya, ya zube. Ya ci gaba dai, yana duƙawa yana miƙewa, har wata huɗu. Tsamiya ko toho ba ta yi ba. Ya fusata, ya tafi rugar tsohuwar yana faɗa, wai ta yaudare shi.

Nan Inna kan sassauta murya ta yi maganar tsohuwar: "Alhaji, ina jakin da ya kawo ka?"

"Wane jaki? Da ƙahwata na taho."

"To, mi kake nema kuma?"

Daga nan Inna ta ce tatsuniya ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa. Ni kuwa haushi nake ji. A ganina tsohuwar maƙaryaciya ce, tunda itacen bai yi ganye ba.

Na yi aure a Jega, na shekara ashirin kan keken ɗinki. Wata rana jiri ya kayar da ni, a asibiti aka ce hawan jini ne. Ma'aikaciyar jinya ta ba ni ƙwayoyi, sannan ta koya mini wasu miƙe-miƙen jiki da jan numfashi, ta ce sunansu yoga. Ta ce suna sa jini ya zaga, zuciya ta sami sauƙin aiki, amma kada in bar shan magani. Na sha ƙwayoyin. Miƙe-miƙen kuwa na yi kwana biyu na watsar, don ban ga abin da suke ƙara mini ba. Sai da ƙafafuna suka fara kumbura na koma musu da gaske, kullum bayan asuba, kuma kumburin ya sauka.

Yanzu na daina ganin laifin tsohuwar. Da ta ce wa attajirin ya je ya motsa jiki kawai, da ya yi kwana biyu ya bari, kamar yadda na yi. Ta san halinmu ne: ba mu yarda da maganin da ba a zuba mana a ƙwarya ba.