Hoton Goggo a Ɗakin Nama

Yayana ya sayo kyamarar ne a Kano, a shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Azare. 'Yar ƙarama ce ruwan azurfa, da ɗan allo a bayanta inda mutum zai ga kansa nan take, ba fim, ba jiran a kai wanki. Yaya mai sayar da kayan babur ne a bakin kasuwa, amma tun ranar da ya rataya wannan abu a wuya ya koma ɗan jarida. Ko tuwo aka ajiye masa sai ya ɗauke shi hoto kafin ya yi bismilla. Ni ina koyarwa a firamare a lokacin, ina zaune a gidanmu, kuma ban taɓa ganin ƙaton mutum da abin wasa ya haukata kamarsa ba.

Hali biyu gare ta. Na farko cin batir. Batir biyu take ɗauka, irin na rediyo ƙanana, kuma na kasuwarmu ba sa kai ta ko'ina, hoto kaɗan sai wani jan abu ya fara ƙiftawa a allo, ta janye idonta ta mutu. Aljihun Yaya kullum cike yake da matattun batura, yana ciza su, yana shanya su a rana wai su farfaɗo. Na biyu jinkiri. In ya danna, sai ta fara yin wani ɗan haske kaɗan, ta tsaya kamar mai tunani, sannan babban hasken ya zo. Mu kuwa mun saba da masu hoto na fim, haske ɗaya an gama, kowa ya saki fuska. Saboda haka rabin hotunan Yaya na mutanen da suka zaci an gama ne: wannan tana hamma, wancan yana sosa hanci. Shi wannan ne ma ya fi ba shi daɗi.

Goggo 'yar baffan mahaifinmu ce, tana zaune a Chinade. Mijinta ya rasu, ɗanta ma ya rasu ya bar mata jikoki. Ba ta da komai, amma tana da abu ɗaya da babu wadda ta isa ta taɓa: duk sunan da za a yi a danginmu, ita ce mai tuyar ragon suna da rabonsa. Tun da sassafe take hawa acaɓa ta zo da matsaminta na ƙarfe a naɗe cikin zani. Hajiya, mahaifiyarmu, za ta miƙa mata makullin ɗakin ajiya a gaban kowa, ta ɗaure shi a bakin zani. Ita ta san wane gida ake kai cinya, wace surukar ce za ta yi fushi in ba ta ga hanta ba. Ranar suna har matan alhazai durƙusa mata suke yi. Da wannan makulli take shiga cikin mutane, in ba shi ba ita tsohuwar ƙauye ce kawai mai faci a mayafi.

Ranar sunan ɗan Yaya na fari, an gama tuya an kwashe nama cikin manyan robobi an shigar ɗakin ajiya. Ɗaki ne mai duhu, ba taga. Goggo na ciki tana kasafi. Ƙawayen mai jego suka jeru a bakin ƙofar, sun ba ta baya, suka ce Yaya ya ɗauke su. Goggo ta san hasken hoto yana shiga lungu, sai ta tsaya cik, hannuwanta a ƙasa. Ɗan hasken ya ƙifta. Ta zaci an gama. Ta damƙi nama cike da hannu ta ɗaga gefen zaninta, babban hasken ya cika ɗakin.

Ina kusa da Yaya lokacin da hoton ya fito. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya danna wani abu da ke jawo hoto kusa, har fuskokin ƙawayen suka fice daga allon, ya rage Goggo kaɗai: baki a ɗan buɗe, hannu cikin ƙugu, baƙar leda tana leƙowa. Ya fashe da irin dariyar nan tasa mai kama da tarin akuya.

"Ku zo ku ga amana!" in ji shi.

Suka rufe shi. Kyamara ta shiga hannu zuwa hannu, masu lalle da zobba, kowa na toshe baki da gyale. Na ce masa ya goge, ya ce in je in goge allon makarantarmu. Na tsaya ina roƙon Allah batirin ya ƙare, kuma ya ƙare, don ba ta taɓa ba mutum kunya a wannan fanni ba. Sai Yaya ya shiga ɗakin Hajiya ya kwance na cikin rediyonta ya zuba. Hajiya tana can gaba da baƙi, ba ta san abin da ake yi ba. Goggo kuwa ta fito ta ga inda idanu suke, ta gane. Ta gama rabonta tsaf, ta mai da makulli, ta tafi kafin magariba ba tare da ta karɓi kasonta ba.

Abin da ya biyo baya ba a gabana aka yi ba, ina makaranta. Matar Yaya ce ta ba ni labari, tana yi tana riƙe ciki saboda dariyar tana taɓa mata ɗinkin haihuwa. Goggo ta dawo daga Chinade da kaza a hammata, ta sami Yaya a shago, ta jira har masu saye suka watse. Ta ce masa, "Ɗan nan, don girman Allah ka ba ni fim ɗin. Jikokina ne suka ce in zo musu da ɗan abin taɓawa. Kada Hajiya ta gani, ka rufa min asiri." A saninta hoto a cikin fim yake kwana, in an ciro shi an ƙona, magana ta mutu.

Yaya ya karɓi kazar. Ya juya kyamarar, ya buɗe ƙasanta, ya zazzago batir biyu da suka riga suka mutu a tafin hannunta. Ya ce, "Ga shi nan, Goggo, irin na zamani ne, biyu yake zuwa. Kada ki sa a wuta, fashewa yake yi." Ta ƙulle su a bakin zani, ta yi ta sa masa albarka har yaran shagon maƙwabta suka leƙo.

Da yamma aka yi farfesun kazar. Yaya yana tsotsar ƙashi ya sa sabon batir ya miƙa wa Hajiya kyamarar. Ta nemo tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe." Na ce mata marayu ne a gidan Goggo, kuma duk mai rabo a garin nan tana ɗan taɓawa, kowa ya sani. Ta ce da ta roƙa ai da an ba ta. Na ce da ta roƙa da ƙashin wuya za a ba ta a kuma yi mata gori har Sallah. Hajiya ta ce in tashi mata daga gaba, na tashi. Ban ci kazar ba, kuma ba wanda ya damu, sai ma kasona da ya ƙara musu.

Bayan damina ƙanwarmu ta haihu, aka sa suna a gidanmu. Goggo ta iso da sassafe kamar yadda ta saba, da matsaminta, fuska a sake. Ta gaida Hajiya ta miƙa hannu. Hajiya ta riƙe hannun da nata biyu, ta yi murmushi, ta ce, "Ai kin tsufa, Goggon yara, yau hutawa za ki yi." Makullin yana rataye a zanin wata 'yar uwar Hajiya daga garin Yana, wadda ko ƙwai ba ta iya soyawa ba. Aka shimfiɗa wa Goggo tabarma a tsakar gida, daidai inda kowa zai wuce.

Nan ta yini, matsami a kan cinya. Naman ya ƙone ta waje, ciki da jini, aka kai wa surukai abin da bai kamata ba, Goggo tana kallo. Da la'asar na kai mata ruwan alwala, ta riƙo bakin mayafina ta yi ƙasa da murya.

"Malama, ni fa a masai na jefa su. Da hannuna. Ko akwai na uku ne?"

Na ce, "Goggo, batir ne. Ba komai a cikinsu."

Ta saki mayafina. Can ta ce, "Na ji su da nauyi."

Ta yi sallarta, ta naɗe matsaminta. Aka kawo mata kaso a leda, ta ce a bar shi. Ta nufi zaure, mata cike da tsakar gida ana ta hayaniya. Da ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya ta juyo. Ta cire mayafinta ta kakkaɓe. Ta sassauta zaninta ta girgiza shi, gaba da baya. Ta buɗe tafukan hannunta ta nuna musu. Gidan ya yi tsit, na ɗauka kunya ce ta kama su.

Sai wata daga cikin ƙawayen matar Yaya ta ce, "Saura ɗankwali."

Aka kwashe da dariya. Goggo ta ɗaga hannu ta zare ɗankwalin, ta tsaya da furfurarta a waje, ga maza a zaure suna kallo.